Jirgin da Kowa Ya Sa wa Hannu

Mu gidan masunta ne a Madarumfa, kuma a zamanin da nake magana, kafin Nasara su tattara nasu su tafi, jirgin ruwa a bakin matafiya kawai muke jinsa. Gora muke hawa. Ka sami ƙaton gora ka kwanta a kansa rub da ciki, ƙafa cikin ruwa, ƙirji cikin ruwa, kana tuƙi da hannu kana bin mamari, wato doguwar igiyar kamun kifi, ƙugiya bayan ƙugiya. Da bazara wasa ne. Da sanyi kuwa, lokacin da tarwaɗa ta fi ƙiba, ruwan tabkin nan har cikin ƙashi yake shiga. Tari ya kashe mahaifinmu, shi ya kashe ƙanensa. Mutanen gari suna ce masa tarin masunta, sai ka ce wata sarauta ce muka gada.

Yayana, wanda nake bi, shi ne babban gida bayan mahaifinmu. Mutum ne mai sanyin hali har ya yi yawa, irin wanda za ka taka masa ƙafa shi ya ba ka haƙuri. Ni ban gaji wannan ba, kowa ya sani. Shekarar da tarin ya kama shi na ja shi har Maraɗi wajen likita, aka ɗora masa abin saurare a ƙirji, aka ce in yana son ganin girman 'ya'yansa ya bar kwanciya cikin ruwa. Muka fito yana dariya yana tari. Ya ce, "To a ce wa kaza ta bar tono mana." Gaskiyarsa ce. Gonarmu ba ta ciyar da gidan, mamarinmu kuma ba na mutum ɗaya ba ne. In bai shiga ruwa ba tukunya ba ta hau wuta, in ya shiga yana tafiya inda mahaifinmu ya tafi. Jirgi kaɗai ke iya raba wannan gardama, ya zauna a busasshen wuri ya yi sana'arsa.

Ana haka wani masassaƙi ya biyo ta ƙasarmu yana sassaƙa turame. Mutumin bakin babban kogi ne, ya ce a garinsu jirgi yake sassaƙawa, turmi yunwa ce ta sa shi. Ya ce a samo masa maɗaci mai kauri, miƙaƙƙe, marar kogo. Muka zaga daji har ƙafa ta kumbura. Irin wanda yake so guda ɗaya ne tak, kuma yana tsakiyar gonar surukina, uban matata, a wani ƙauye can bayan Gabi.

Sai na faɗa muku waye surukina, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga kunne ba. Anne ne, bai taɓa sa goshi a ƙasa ba, kuma ban ga Musulmin da ya fi shi kyauta ba. Sarkin noma ne, a ƙuruciyarsa ɗan kokawa, har tsufansa yana son a ce da sauran ƙarfinsa. Ni kuwa tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi, a durƙushe nake gaishe shi, ban taɓa cin abinci inda yake gani ba. Haka aka yi mu. Da aka kai masa maganar itacen, ta bakin wani dattijo don ni ba ni da bakin faɗa, bai ko ja numfashi ba. Ya ce itacen da ya yi wa kakansa inuwa ai ya iya ɗaukar wan mijin ɗiyarsa. Da hannunsa ya yanka jan zakara a gindin maɗacin, ya roƙi masu zama a ciki su yi haƙuri su sake gida, sannan aka sa gatari.

Sanyin shekarar nan kaf masassaƙi yana cikin gonar da gizagonsa. Muka sayar da san noma, tsohuwarmu ta ba da awakinta, don a ciyar da shi a sallame shi. Yayana kuwa yana kan gora yana tari, yana cewa wannan ne sanyin ƙarshe. Duk ranar kasuwar Gabi sai ya taka ya je ya shafa cikin jirgin da tafin hannu, ya dawo yana ba yara labari. Da aka gama, abin ya yi kyau, ba na ƙarya. Ja ne jawur, gefensa siriri, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa. Masassaƙi ya ce itacen bai gama shan iska ba, kada a ja shi a ƙasa, kada a bar shi a rana, a lallaɓa shi har ya taɓa ruwa. Ya naɗe tabarmarsa ya koma ƙasarsu.

Saura kawo shi tabki. Raƙumi ba ya ɗauka, jan shanu an hana. Lokacin kuwa ba a gama kwasar gyaɗa ba, manyan motoci suna ta kai da kawowa tsakanin Maraɗi da kudu. Akwai wani direba da ya saba tsayawa wurinmu cin soyayyen kifi, yana jan kamyo, wato babbar mota, da rimok a baya, wato doguwar shimfiɗar katako mai ƙafafu, ba gefe ba rufi. Ya ce ranar da ya dawo ba kaya zai ratse ya ɗauko mana, ladansa tarwaɗa.

Rimok ɗin nan ba da igiya ake ɗaure kayanta ba. Ɗamara gare ta ta tamfal, mai faɗin tafin hannu, direba yana ce mata sangal, wai ragowar kayan soja ce ta bayan yaƙi. A gefen rimok an kafe wasu ƙananan gangunan ƙarfe masu haƙora. Sai a maƙale bakin ɗamara a wancan gefe, a ƙetaro da ita bisa kaya, a zura ɗaya bakin cikin gangar, a sa sandar ƙarfe a rami a danna. Ganga ta juya, ɗamara ta naɗu, wani ɗan harshen ƙarfe ya faɗa tsakanin haƙora ya ce ƙat. Abin da ya ci ba ya mayarwa sai an ɗaga harshen nan. Mu dai mai haƙora muke ce masa.

Ranar ɗauka ƙauyen surukina ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa, har da makaɗa. Aka shimfiɗa buhunan ƙaiƙayi a kan rimok, majiya ƙarfi suka cicciɓi jirgi suka kife shi a kai. Direban ya san aikinsa, wannan ba zan ci amanarsa ba. Ya ninka tsofaffin buhuna ya sa inda ɗamara za ta kwanta, ya ƙetara ɗaya ta wajen hanci, ɗaya ta wajen gindi, ya danna sanda a hankali yana sauraro. Ya bugi ɗamara da tafin hannu, ya girgiza jirgi, bai motsa ba. Ya ce, "Ya isa. Wanga ba buhun gyaɗa ba ne, kada a ƙara mishi." Da ni da yayana ya faɗa wa. Nan take aka aiko daga gidan mai gari cewa an sauke wa baƙo tuwo da zabi. Wa ke ƙin kiran mai gari? Ya ajiye sandar a bakin rimok ya bi ɗan aike.

To, muna da wata al'ada, kuma har gobe ina jin ɗacinta a harshena. In mutum ya ɗaure kaya zai yi tafiya, a jaki ne ko a raƙumi, duk mai ƙaunarsa sai ya zo ya kama bakin igiya ya ja sau ɗaya, ya ce Allah ya kai lafiya. Sa hannu ake ce mata. Wanda ya tsaya yana kallo bai sa ba, an gane maƙiyi ne. Wanda ya miƙo hannu aka hana shi kuwa, an zage shi zagin da jikokinsa za su riƙe. Da igiyar kaba ba ta ɓata komai. Ƙarfin mutum ƙarfin mutum ne, inda na farko ya ja ya tsaya nan na goma zai tsaya, igiya ta ɗan miƙe ta koma. Ba wanda ya taɓa tunanin akwai abin ɗaurin da ke tara jan kowa ya riƙe.

Wani ƙanen matata ya fara. Ya ɗauki sanda ya zura kamar yadda ya ga direba ya yi, ya danna. Ƙat. Jama'a suka yi shewa, abin ya ba su sha'awa. Na ce masa, "Kai, aje, direba ya ce ya isa." Ya ce, "Haba, sa hannu ne kawai." Kafin in rufe baki wani ya karɓa. Wannan abokin wasa ne, na ture shi, ya yi dariya ya zaga ɗaya gangar ya danna a can. Daga nan dattawa suka taso, kowa yana gyara riga, kowa da addu'arsa. Wanda ya yi mana gayyar sare itace, wanda matarsa ta riƙa kai wa masassaƙi fura, wanda ya ba da aron gatari. Duk masu alheri ne, Allah ya sani, ba mugu ko ɗaya a cikinsu. Ɗamara ta miƙe har ta daina amsa tafi, buhunan ƙaiƙayi suka lotse suka zama kamar tabarma. Na kasa kunne jikin jirgin na ji yana wani ƙiƙ-ƙiƙ can ciki.

Da sandar ta zo kusa da ni na fizge ta, na jefa ƙasa na zauna a kanta. Na ce an gode, an gode, albarka ta isa haka. Aka fara kallona ana taɓe baki, ina jin wata tsohuwa tana cewa dama an ce mijin yarinyar nan ba shi da ta-ido. Ban damu ba. Su faɗi abin da za su faɗa, ni dai ina zaune.

Sai kiɗa ya canza, aka koma taken sarkin noma. Jama'a suka dare. Surukina ne tafe, ya tuɓe riga ya ɗaure ta a gindi, walkinsa na fata a jiki, yana murmushi. Ya tsaya gaban rimok ya dubi jirgin da aka fitar daga itacen kakansa. Ya ce, ba da ni yake ba don ba ma magana kai tsaye, "Ina abin nan da yara ke dannawa? A ba ni in sa nawa."

Na sunkuyar da kai, ban tashi ba. Yayana ya durƙuso kusa da ni. Na ce masa ƙasa-ƙasa, "Yaya, itacen nan kuka yake. Sa kunnenka ka ji."

Ya ce, "Na ji."

Na ce, "To a ce mishi ya taɓa da hannu kawai."

Ya ce, "Wa zai ce mishi? Kai ko ni? Itacensa ne, ɗiyarsa tana ɗakinka. Kowane ɗan tsako ya danna, shi a hana shi gaban garinsu?"

Na ce, "Ƙirjinka fa."

Ya sa hannu ƙarƙashin cinyata ya zare sandar, ya share mata ƙasa da bakin rigarsa, ya miƙa wa tsohon da hannu biyu. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma wannan sharewar da ya yi wa sandar har yau tana ci mini rai.

Tsoho ya tofa yawu a tafi. Sauran mutane haƙori ɗaya suka ci suka ba wani, shi kuwa sarkin noma ne, ga kiɗa, ga mata na kallo. Ya danna ta ƙi. Ya gyara tsayuwa ya hau ta da dukan nauyinsa, jijiyoyin wuya suka tashi. Ƙat. Aka yi guɗa. Ya sake, ya kuma sakewa, sannan ya zaga ta gindi ya yi wa waccan haka. Cikin guɗar nan da kiɗa na ji wata ƙara guda, ba babba ba, kamar an taka busasshen kara. Na dubi yayana, shi ma ni yake duba. Tsoho ya ajiye sanda yana haki, ya dafa bayan jirgin ya ce Allah ya kai lafiya, ya sa a ci kifi da shi har jikoki. Muka ce amin.

Direba ya dawo yana sakace. Ya bugi ɗamara sau ɗaya, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Wa ya taɓa mini kaya?" Yayana ya ce jama'a ne suka sa albarka. Direba ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya zura hannu ya shafa cikin jirgin, ya daɗe. Da ya miƙe sai ya kai hannu zai ɗaga harshen ƙarfen. Yayana ya riƙe masa wuyan hannu. Ya ce, "Ba nan ba, don Allah. Mu tahi." Direba ya dubi tsohon da ake ta yi wa kirari, ya dube mu, ya yi tsaki ya shiga mota. Haka muka bar ƙauyen, yara na bin mu da gudu, mata na guɗa.

A hanya direba ya bi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, duk gargada sai ya kusa tsayawa. Ni ina ta faɗa wa raina ƙila tsaga ce 'yar ƙarama, irin wadda ake toshewa da tsumma.

A bakin tabki mutanenmu na jira, sarkin ruwa da jama'arsa, tsohuwarmu an kawo mata kujera, matan gida sun dama fura. Direba ya ce kowa ya ja baya. Ya sa sanda ya ɗan danna, ya ɗaga harshen, ganga ta warware. Ashe ɗamarar ce ke riƙe da shi. Jirgin ya yi wata ajiyar zuciya ya buɗe, tun daga hanci har kusa da gindi, tsagar da hannuna ke shiga. Ana ganin buhun ƙaiƙayi ta cikinta. Tsohuwarmu ta ce a kama ta a kai ta gida.

Nan fa aka shiga ba mu haƙuri. Ƙaddara ce, haka Allah ya so, wani hanin ga Allah baiwa ne. Na buɗe baki zan faɗi ko ƙaddarar wa ce, yayana ya taka mini ƙafa. Ya ce wa mutane hanya ce ba kyau. Direba yana ji, aka ɗora wa tuƙinsa laifi, bai musa ba. Ya naɗe ɗamararsa, ya ƙi karɓar tarwaɗar, bai kuma sake tsayawa cin kifi wurinmu ba.

Bazarar nan duk a kan jirgin muka ƙare ta. Maƙeri ya yi mana ƙusoshi masu baki biyu muka ɗinke tsagar, muka cusa auduga da tsumma, muka narka kwalta muka shafe. A tudu sai ka rantse ya warke. Da ya shiga ruwa ya ɗauki nauyin mutum sai ɗinkin ya saki, ruwa ya riƙa tsattsafowa, kafin a kai wajen mamari mai zama yana cikin ruwa har ƙugu, hannu ɗaya na kwarfa da ƙwarya. Muka fitar muka sake, muka kuma sakewa. Daga ƙarshe ya koma komin ban ruwan shanun unguwa. Wani maɗacin babu, san da za a sayar babu, masassaƙi kuma ko sunan garinsu ba mu riƙe daidai ba.

Da sanyi ya dawo na ce wa yayana ya zauna gida, ni zan yi na mutum biyu. Na gwada, Allah shaida. Rabin mamari nake iya bi kafin hannu ya mutu, kifin sauran ya ruɓe a ƙugiya. Ya yi kwanaki yana kallon abin da nake kawowa, yana kallon yara suna kallon tukunya. Wata safiya na iske ya riga ni bakin ruwa, ya ɗaure tsumma a ƙirji, gora a hammata. Na yi masa faɗa irin wanda ƙane ba ya yi wa wa, har mutane suka taru. Ya bari na gama, ya ce, "Ka gama? To mu je, rana na yi." Bai ga ƙarshen sanyin nan ba.

Surukina ya zo gaisuwa tun daga bayan Gabi, a ƙafa, da damin gero a kai, ya hana yaransa su ɗaukar masa. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida cikin dattawa. Ya yi kuka da hawaye, don yana son yayana da gaske. Na zo na durƙusa nesa kaɗan, kaina a ƙasa. Matata tana bayan zana, ta san komai, tun ranar na faɗa mata, kuma ita ma ba ta da bakin faɗa.

Tsoho ya share ido ya ce wa dattawan, "Da jirgin nan ya zo lahiya da yaron ga yana nan. Direbobin zamani ba su da hankali, gudu kawai. Ni na san hanyar, shi ya sa ran nan ban yi wasa ba. Sauran duk taɓawa suka yi, ni na ɗaure shi da iyakar ƙarhina. Kwana uku kahaɗata na ciwo. Abin da zan iya na yi mishi."

Dattawa suka ce ƙwarai, an gani, ya yi abin da uba ke yi. Sannan duk aka juyo wajena, don ni ne babban gida yanzu, amsa tawa ce.

Na ce, "An gode, Baba. Allah ya saka da alheri."